Sunan Yaya a Ƙasan Fom

Turai ba ta taɓa shiga banɗaki ta bar jakarta a falo ba idan Alkasim, ƙanin mijinta, yana gidan. Ko wanka za ta yi, sai ta rataya ta a kafaɗa ta shige da ita. Tun da aka sa dokar kulle ta korona a farkon Yuni kuwa kullum yana gidan, sai jakar ta koma kamar tufafin jikinta. Yana gani. Shekara biyar ba wata biyu ke nan da fitowarsa daga gidan yari, ko cokali bai ɓata a gidan ba, amma har yau idan Turai ta nemi abu ta rasa, fuskarsa take fara dubawa kafin ta duba ƙarƙashin kujera.

A hawa na tara suke, a wani bene da ke unguwar Sri Petaling, a ƙasar mutanen Malay. Sharif da Turai da yaransu biyu suna da ɗaki biyu. Mak, mahaifiyar su Sharif, tana da ɗaya. Alkasim yana kwana a ɗan siton da ke bayan kicin, shi da buhun shinkafa da tsohuwar fanka. Mak 'yar ƙasar ce, marigayi babansu kuwa Bakano ne da ya zo karatu ya yi aure ya zauna. A nan aka haife su, a Kano suka yi ƙuruciya wajen kakarsu, suka dawo da katin ɗan ƙasa a aljihu da Hausa a baki. Wannan shi ne jarin gidan. Duk ɗalibin Arewa da yake son inshorar asibiti ta iyalinsa, ya fi son wanda zai yi masa bayani da Hausa.

Sharif ne ejan ɗin kamfanin inshorar. Shi ke da lasisi, shi ke da kati mai hoto da kwat, sunansa ke fitowa a ƙasan kowane fom. Amma tambayi kowa a cikin ɗaliban wa ya sayar masa da inshora, zai ce maka Alkasim. Shi yake kiran waya, shi yake hawa babur, shi ya haddace abin da ake biya da abin da ba a biya. Aikin Sharif ɗaya ne: idan an gama cike fom a kwamfutar hannu, kamfani yana turo lambar sirri a wayarsa, ya danna, fom ya tafi.

Alkasim ba zai iya samun nasa lasisin ba saboda tambaya guda a takardar nema: an taɓa yanke maka hukunci a kan damfara ko rashin gaskiya? Yana da shekara ashirin ya sayar wa wasu samari katin bankinsa a kan kuɗin waya sabuwa. Kuɗin mutanen da aka damfara suka bi ta asusunsa. Wata goma sha takwas ya yi. Bai taɓa cewa sharri aka yi masa ba.

Puan Zaiton, manajar da su Sharif suke ƙarƙashinta, ta taɓa gaya masa cewa a kamfaninsu, idan mutum ya cika shekara biyar da fitowa ba a sake kama shi da komai ba, kuma wani ejan mai lasisi ya tsaya masa, za a karɓi takardarsa a duba. Ba ta yi alkawari ba, dubawa kawai ta ce. Ita dai a saninta kai saƙo yake yi wa yayansa. Alkasim ya sayi littafin jarrabawar ejan, ya rubuta a cikin bangonsa da jan biro: 20 ga Agusta.

Ranar uku ga Yuni ya haɗu da Malam Ahmadu a ƙofar benensu, layi biyu daga gidan su Alkasim. Malam Ahmadu digiri na uku yake yi da tallafin karatu na gwamnati, yana da mata, Hureira, da 'ya ƙarama. Suka tsaya nesa da juna, kowa da takunkumi a fuska, kwamfutar tana kan kujerar babur.

“Malam, ka ji da kyau,” in ji Alkasim. “Daga ranar da fom ya shiga, akwai jiran kwana talatin. Idan hatsari ne za a biya ko gobe. Amma ciwo, sai kwana talatin sun cika. Yau uku ga Yuni. Ka ce wa madam duk wani ciwo ya yi haƙuri har uku ga Yuli.”

Malam Ahmadu ya yi dariya. “Zan gaya mata. Ai ta fi jin maganarka a kan tawa, tunda kai kake kawo mata attaruhu.” Ya sa hannu da yatsa a jikin gilashin, sannan ya zaro wayarsa ya ɗauki hoton shafin. “Ka yi haƙuri, halin masu bincike ne. Komai sai mun ajiye.”

Da Alkasim ya koma gida ya tarar da Sharif a kwance a kujera yana kallon adadin masu korona a talabijin.

“Yaya, ga na Malam Ahmadu. A tura.”

“Ajiye shi.”

“Ya riga ya sa hannu.”

“Na ce ajiye shi lah. Gasa za a fara ɗaya ga Yuli. Wanda ya fi kawo fom a watan, kujerar Umara ta mutum biyu idan an buɗe hanya. Duk wanda ka samo a Yuni ka tara mini su.”

“Na gaya masa uku ga Yuli kwanakinsa za su cika.”

Sharif ya juyo ya dube shi sama da ƙasa. “Wa zai yi ciwo ana kulle a ɗaki? Kowa haka yake yi. Kai ka fi ni sanin aikin ne, ko kuwa lasisin naka ne?”

Turai ta yi 'yar dariya daga kicin. Alkasim ya ajiye kwamfutar. Ya sake tuna masa ta WhatsApp ranar takwas ga wata, ya sake ranar goma sha biyar. Amsa ɗaya ce: bari Yuli ta shiga. Da safiyar ɗaya ga Yuli Sharif ya zauna da kofin shayi ya tura fom goma sha biyu a cikin awa guda.

Ranar goma ga Yuli da hantsi cikin Hureira ya murɗa. Asibitin gwamnati ya cika da masu korona har baranda, aka ce su nemi na kuɗi. Likita ya ce afendis ne, ya kusa fashewa. Malam Ahmadu ya miƙa katin inshora. Bayan minti ashirin aka dawo masa da shi.

Alkasim yana wanke babur a ƙasan bene wayar ta shigo.

“Malam Alkasim, me nake ji haka? Sun ce ɗaya ga Yuli aka yi mana rajista. Wai kwana tara kawai muka yi.”

Ruwa yana zuba a ƙafarsa, bai kashe famfon ba.

“Kana ji na? Ba uku ga Yuni muka tsaya da kai ba? Ba kai ka ce ciwo ya yi haƙuri ba? To ya yi haƙurin. Har mako guda ya ƙara.”

An yi wa Hureira aiki, ta tashi. 'Yan'uwa ɗalibai ne suka haɗa abin da asibiti ya nema kafin a shiga da ita, sauran kuma ya fi ƙarfin tallafin Malam Ahmadu na shekara. Ya zauna ya rubuta wa kamfani ƙorafi shafi uku, ya haɗa da hoton nan mai kwanan wata uku ga Yuni. A sakin layi na farko ya rubuta cewa ejan ɗin da ya yi masa hidima sunansa Alkasim. Bai yi don mugunta ba. Abin da ya sani ke nan.

Kamfani ya aiko wa Sharif tambaya layi ɗaya: wane ne Alkasim?

Washegari bayan azahar Sharif ya kira shi teburin cin abinci. Turai tana zaune, Mak tana tsinkar ganye a gefe. An kora yara ɗaki. Sharif ya turo masa takarda bugaggiya da Turanci, da biro a kai.

Alkasim ya karanta a hankali. Takardar ta ce shi, Alkasim, ya ɗauki kwamfutar yayansa ba da saninsa ba, ya je wajen kwastoma ya nuna kansa a matsayin ejan, ya cike fom ya ɓoye don tsoro, sai ɗaya ga Yuli yayansa ya gano ya tura nan take.

“Yaya, wannan ai ƙarya ce.”

“Wa ya ce maka gaskiya ce? Hanyar fita ce.”

“Fitar wa?”

“Ta gidan nan,” in ji Turai. “Idan suka gane yana barinka kana sayarwa da sunansa, lasisin ya tafi. Me za mu ci? Ka leƙa taga ka gani, gida nawa suka rataya farin ƙyalle suna roƙon abinci? So kake mu rataya namu?”

“Anti Turai, saura mini wata ɗaya da 'yan kwanaki.”

“Wata ɗaya na me?” Sharif ya yi tsaki. “Kai ka yarda za su ba ka? Matar nan daɗin baki ta yi maka. Kuma wa zai tsaya maka idan ni na faɗi? Ka yi tunani mana. Ni ina da abin da zan rasa. Kai sunanka ya riga ya shiga littafin hukuma, layi ɗaya za a ƙara.”

“Idan suka kai wa 'yan sanda fa?”

“Ba za su kai ba. In ma sun kai, ana cikin korona wa yake da lokacinka?”

Alkasim ya dubi Mak. Ba ta ɗago daga kan ganyen ba.

“Zan yi tunani,” ya ce.

“Ka yi da sauri. Ashirin da takwas ga wata za su kira mu ta bidiyo.”

Daga ranar gidan ya canza masa. Kwamfutar hannu ta koma ɗakin Sharif, ana kulle ƙofar ko da mutum yana ciki. Mabuɗin babur ya ɓace daga ƙusar da ake rataye shi, da ya tambaya aka ce ai doka ta hana yawo. Idan ya shigo falo magana takan tsaya. Idan ya fita baranda amsa waya, sai Turai ta tuna tana da shanya a can.

Kwana uku da maganar takarda Turai ta ƙwanƙwasa masa sito da fara'ar da ya manta tana da ita.

“Kasimu, don Allah ara mini wayarka. Ta yara ta mutu, ga malaminsu yana jira a aji.”

Ya ba ta. Me zai ce, layin ma da sunan Sharif aka yi rajistarsa. Bayan awa biyu ta dawo da ita tana ta godiya. Ya buɗe WhatsApp. Hirarsa da Sharif babu ita, tun daga farkonta.

“Anti, saƙonnina da Yaya fa?”

“Wai! Ka san yaran nan da danne-danne.”

“Nasa kaɗai suka danna?”

Fara'ar ta ɗauke. “Zargina kake yi? Kai? A gidan nan?”

Daga nan aka daina kiransa cin abinci. Ba a hana shi ba, ana dai rufe masa nasa a kwano a ajiye a kicin, wani lokacin a manta. Yaran da suka saba hawa wuyansa suka fara raɓewa idan ya wuce. Ƙaramar ta tambaye shi wata safiya, ba tare da ta san nauyin maganar ba, ko gaskiya ne zai koma inda yake da.

Sai ga kiran Kawu Bala. Abokin babansu ne, yana da shagon yadi a titin Jalan Masjid India, shi ake kai wa duk wata rigima ta 'yan Arewa.

“Alkasim, ɗana. Na ji abin da ake ciki.”

“Kawu, ka ji duka, ko ka ji na Yaya?”

“Kar ka fara. Lokacin da ka fito, wa ya buɗe maka ƙofa? Ni da kaina na ce ba zan iya ɗaukarka a shago ba, ka tuna. Shi ya ɗauke ka. Shekara biyar kana ci kana sha.”

“Shekara biyar ina yi masa aiki, Kawu.”

“To ai shi ne zumunci. Yau kuma ranar taka ce. Mai iyali ba ya faɗuwa shi kaɗai, da mutum biyar yake faɗuwa. Kai ko aure ba ka yi ba. Ka sa hannu, Allah yana gani.”

“Shi ya sa nake jin tsoro.”

Kawu Bala ya ce, “Ashe gidan can bai koya maka ladabi ba,” ya kashe.

Duk wannan bai karya shi ba kamar ranar da Mak ta same shi a kicin da la'asar. Ta zubo masa shinkafa da kifi mai yaji da hannunta, ta ajiye a gabansa, ta zauna. Hausarta ta zama da miji ce, takan haɗa da Malay.

“Makan, Kasim. Ci.”

Ya ci loma biyu.

“Lokacin da aka kai ka, kullum ina kuka. Wata goma sha takwas. Amma ka dawo, ka ga? Kai kana da ƙarfi. Sharif ba shi da shi. Tun yana yaro ko allura ba ya iya ɗauka.” Ta dafa hannunsa. “Kai ka saba, Kasim.”

Ya daɗe yana kallon hannunta a kan nasa.

“Mak, ana sabawa?”

“Boleh lah, za ka iya, ɗana. Don ni.”

Ya shiga sito ya ja ƙofa. Takardar tana kan buhun shinkafa inda Sharif ya ajiye masa ita. Ya ɗauki biro. Gaskiyar magana ya kusa sa hannu. Lasisin dai ya tafi ko ta wace hanya, ya riga ya lissafa wannan: idan ya ce ya saci kwamfuta, ya zama ɓarawo, idan ya faɗi gaskiya, ya amsa da bakinsa cewa shekara biyar yana sayar da inshora ba lasisi. Idan duka biyun rami ne, me zai hana ya zaɓi wanda zai bar wa Mak ɗanta?

Ya jawo littafin jarrabawa don ya ɗora takardar a kai. Littafin ya buɗe a inda ya fi lanƙwasawa, babin alhakin kamfani a kan ejan ɗinsa. Ya san shafin, ya ja masa layi tun bara. Abin da ejan mai lasisi ya karɓa ko ya sani a bakin aikinsa, kamar kamfani ne ya karɓa ya sani. Ya karanta sau biyu, ya ajiye biron, ya fita falo.

“Yaya, tambaya ɗaya. Idan na sa hannu, za a biya asibitin matar Malam Ahmadu?”

Sharif bai ɗauke ido daga talabijin ba. “Wannan tsakaninsa da kamfani ne.”

“Idan kai ka karɓi fom uku ga Yuni ka riƙe, kamfani ne ya karɓa. Dole su biya. Idan kuwa wani ɓarawo ne da ba su sani ba ya karɓa, babu ruwansu. Ko ba haka ba?”

“Ka zama lauya?”

“Ka sani, ko ba ka sani ba?”

Sharif ya rage sautin talabijin. “Mutumin nan gwamnati ce take biya masa karatu. Zai rubuta gida su taimaka. 'Yan'uwansa ɗalibai za su yi karo-karo. Ba zai mutu ba. Baƙo ne, badi ya tafi. Mu a nan za mu zauna.”

Ashe ya sani. Tun ranar da ya buga takardar ya sani.

Alkasim ya ce, “To.” Ya koma sito. Sharif ya ɗauki wannan “to” ɗin a matsayin amincewa, har aka kira shi tebur ranar, aka sa masa cinyar kaza.

Ranar ashirin da takwas da ƙarfe goma na safe Sharif ya sa riga mai kwala, ya jingina kwamfutar a jikin tulun ruwa. Alkasim ya zauna kusa da shi. Turai ta tsaya bayan ƙofar kicin, Mak tana ɗakinta amma ƙofar a buɗe take. A gilashin akwai Puan Zaiton da wani mutum mai tabarau daga sashen bincike. Da Malay aka yi maganar.

Sharif ya fara. Ya ce abin kunya ne a gare shi, ƙaninsa ne, yana da tarihi, sun yi iyakar ƙoƙarinsu a kansa. Ya ɗaga takardar.

“Ban ga sa hannu ba,” in ji mai tabarau.

“Yanzu zai sa, a gabanku.” Sharif ya tura masa biro.

Alkasim bai taɓa biron ba. “Tuan, ni na cike fom ɗin ranar uku ga Yuni. Ban saci kwamfuta ba, ba ni ake yi kullum. Kusan duk fom ɗin da ke da sunan yayana, ni na cike. Na kawo masa wannan a ranar, ya ce a jira gasar Yuli.”

Sharif ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. “Ƙarya yake yi! Ku tambaye shi ina shaidarsa. Mutumin da ya yi wata goma sha takwas a kan damfara!”

“Kana da shaida?” in ji mai tabarau. Yadda ya yi tambayar, Alkasim ya san irin amsar da yake tsammani.

“Ina da ita a waya, an goge. Amma ku kuna da taku. Ku duba ɗaya ga Yuli, tsakanin tara da goma na safe. Fom goma sha biyu suka shigo da lambar sirrinsa. Ku duba ranar da kowane kwastoma ya sa hannu. Duk a Yuni ne. In guda ɗaya na ɓoye don tsoro, sauran goma sha ɗayan fa?”

Aka ji ƙarar madannai. Mai tabarau ya matso da fuskarsa kusa da gilashi, ya daɗe yana karatu. Bai sake kallon Alkasim ba, Sharif ya koma kallo.

Puan Zaiton ta cire takunkuminta. “Alkasim, ka gane abin da ka faɗa? Ka amsa cewa kana sayarwa ba lasisi.”

“Na gane, Puan.”

“Maganar da muka yi ta Agusta…”

“Na sani. Ina so dai a rubuta cewa fom ɗin Malam Ahmadu ya shiga hannun ejan ɗinku uku ga Yuni.”

Da aka kashe kiran Sharif bai yi ihu ba. Turai ce ta yi. Ta fito tana tafa hannu, tana cewa dama ta faɗa, tun ranar da aka kawo shi ta faɗa, wanda ya ci amanar baƙi zai ci ta gida. Mak ta tura ƙofarta ta rufe.

Ya ƙara kusan mako uku a gidan, babu mai yi masa magana. Kwanon kicin ma ya daina zuwa. Yakan sauka shagon abincin da ake kira mamak a ƙasan bene ya yi tapau, wato a ƙunsa masa roti ɗaya, wainar fulawarsu, ya ci a matakala. Ranar goma sha shida ga Agusta takardu suka fito. An dakatar da Sharif. Kamfani ya amince zai biya asibitin Hureira. Sunan Alkasim kuma an sa shi a jerin waɗanda kamfanin ba zai taɓa ɗauka ba.

Washegari da safe Sharif ya tsaya a ƙofar sito. “Ka tattara.”

Bai daɗe ba, kayan ba su da yawa. A bakin ƙofar fita Turai ta tare shi.

“Buɗe jakar.”

Ya buɗe. Ta zazzage ta a ƙasa a gaban yara: riga huɗu, wando biyu, sallaya, cajar waya, littafin jarrabawa. Ta ɗaga littafin ta karkaɗe shi ko wani abu zai faɗo. Ta laluba aljihun wandunan. Da ba ta sami komai ba sai ta ƙara jin haushi.

Yana mayar da kayan Mak ta fito. Ta tako a hankali har inda yake durƙushe. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa, yana jiran ta dafa kansa kamar yadda ta yi ranar da aka tafi da shi. Ta miƙo hannu, tafin a sama.

“Katin lif,” ta ce.

Ya zaro katin da ake hawa da sauka a benen da shi ya ba ta. Ta matakala ya sauka, hawa tara.

Jirgin ƙasan da ya hau a tashar Sri Petaling kusan babu kowa a ciki, an manna alamar hana zama a kujera ɗaya bayan ɗaya. Bai san inda za shi ba, ya dai sayi tikitin Masjid Jamek don can ne ya san masu shaguna. Wayarsa ta yi ƙara. Saƙon Malam Ahmadu ne.

“Alhamdu lillahi sun ce za su biya. Amma wani abu nake ji a gari. Wai da gaske ka taɓa zaman gidan yari a kan damfara? Ya kamata a ce ka gaya mini tun farko. Da na sani, da wajen yayanka zan je kai tsaye.”

Alkasim ya karanta, ya fara rubuta amsa, ya goge.

Tambayar nan ta takardar lasisi don irin su Hureira aka yi ta, don kada a damƙa lafiyar matar mutum a hannun marar gaskiya. Ba wanda zai ce kada a yi tambayar. Amma abu ɗaya take tambaya: alƙali ya taɓa kiran sunanka? Alƙali bai taɓa kiran sunan Sharif ba. Dakatarwa ce, tana da iyaka. Idan ta ƙare, ko ya nemi wani wurin, zai zo kan tambayar ya rubuta a'a da hannu mai ƙwari, kuma ba ƙarya ya yi ba. Kawu Bala zai tsaya masa. Ɗalibai za su ga kwat da kati mai hoto su saki jiki. Turai ma yanzu za ta iya barin jakarta a falo.

Jirgin ya tsaya a wata tasha, ƙofa ta buɗe, ba wanda ya shigo. Alkasim ya ciro littafin daga jaka don ya gyara shafukan da Turai ta lanƙwasa. Bangon ya buɗe a kan jan biron. Ya duba kwanan wata a wayarsa.

Saura kwana uku.